DARASIN WANNAN FITOWA: Ɗauko Ƙwan Ƙyanƙyasa Daga Arewa Zuwa Kwatano

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar shanu mu taɓa wani ƙaramin kaya da ke bin bayan shanu zuwa kudu, watau ƙwai. Duk wanda ke lodi a Malanbil, ko Gene, ko Gogunu, ko Faraku ya sani cewa da zarar damina ta kankama, da wuya mota ta taso ba a cusa kwando ko katon na ƙwan zabi a wani lungu nata ba. Wani na sayarwa ne, wani tsarabar uwargida ne, wani kuwa saƙo ne na mai injin ƙyanƙyasa da ya ba da kuɗinsa tun kafin a tafi. Ƙorafin da ya yi ta zuwa wa ƙungiya daga Avotrou da Zango iri ɗaya ne: an kawo ƙwai lafiya lau, ko ɗaya bai fashe ba, an sa wa kaza ko inji, an jira kwana 28, aka tashi da 'yan zabi ƙalilan, saura duk baragurbi. Daga nan sai zargi. Mai saye ya ce an kawo masa tsohon ƙwai, falke ya ce injin ne ba shi da kyau, a je gaban manya ana rantse-rantse a kan kayan da bai kai kuɗin ɗan maraƙi ba.

To abin bai kai kuɗin maraƙi ba a ranar saye, amma mu yi lissafi. Alal misali mutum ya ɗauko kiret 10, ƙwai 300 ke nan. In kashi 70 cikin ɗari suka ƙyanƙyashe, yana da 'yan zabi 210. In kashi 30 ne, 90 kawai ya samu. Tsakani akwai tsuntsu 120. Zabon da aka ƙyanƙyashe a Yuni ko Yuli yakan isa sayarwa a Disamba, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da mutanen Kwatano da Porto-Novo ke neman zabo ido rufe. A gidaje da yawa wannan kuɗi shi ne na makarantar yara, shi ne kuma jarin mata. Saboda haka maganar ta cancanci shafi.

Abin da ke cikin ƙwai

Farkon abin da za mu riƙe shi ne, ƙwan da zakara ya taka uwarsa yana da rai tun ranar da aka saka shi. Ƙwai yakan ɗauki wajen awa 25 yana haɗuwa a cikin kaza, kuma a duk wannan lokaci ɗan tayin yana girma cikin ɗumin jikinta, wanda ya kai digiri 41. Kafin ƙwan ya faɗo, wannan ɗan farin tabo da muke gani a kan gwaiduwa ya riga ya tara dubban ƙwayoyin halitta. Da ƙwan ya fito ya huce, sai girman ya tsaya cik, ɗan tayin ya yi kamar barci. Wannan hikima ce ta Ubangiji, domin da ita ce kaza ke saka ƙwai goma sha a cikin mako biyu, sa'an nan ta yi kwanci, su ƙyanƙyashe kusan rana ɗaya.

Sai dai barcin yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa sanyi ne. Masana kiwon kaji sun nuna girman yakan tsaya sosai ne in zafi bai wuce kamar digiri 20 zuwa 21 ba, shi ya sa manyan gidajen ƙyanƙyasa ke ajiye ƙwai a ɗaki mai digiri 15 zuwa 18. Zafin kwanci kuwa digiri 37 da rabi ne zuwa 38. Matsalar tana tsakanin waɗannan biyu. A digiri 28, ko 30, ko 33, ɗan tayin ba barci yake ba, kuma bai sami isasshen ɗumin da zai girma daidai ba. Wani sashe nasa ya motsa, wani ya tsaya, ya yi ta cin ƙarfinsa a banza. In ya kwana biyu ko uku a haka, ko an sa shi a inji mai kyau yakan mutu a makon farko. Yanzu ku duba ƙasar da muke ciki. A Malanbil da Gaya zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. A Kwatano kusan duk shekara muna tsakanin 25 da 32. Watau daga inda aka tsinci ƙwan har inda za a sa shi, yana cikin wannan zafi na tsaka-tsaki mai cutarwa, sai fa in mun yi wani abu a kai.

Ban da ɗan tayi, akwai abubuwa uku a cikin ƙwai da hanya ke taɓawa. Akwai jakar iska a ɓangare mai faɗi, wadda ɗan tsako ke fara hudawa ya shaƙi numfashin farko kafin ya fasa ɓawo. Akwai wasu zare biyu farare murɗaɗɗu da ke riƙe gwaiduwa a tsakiya, kowa ya taɓa ganinsu in an fasa ƙwai a kofin mai shayi. Sa'an nan shi kansa ɓawon yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ruwa ke fita, kuma uwar takan shafe su da wani shafe siriri da ke bushewa nan take, ya toshe wa ƙwayoyin cuta hanya. Duk abin da za mu faɗa a gaba, kan waɗannan yake komawa.

Kwanakin da ba a ƙirgawa

Yawancinmu in aka tambaye mu kwanan ƙwai nawa, daga ranar da muka saya muke ƙirgawa. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, shi ƙwai daga ranar da aka saka shi yake ƙirga nasa. Ka'idar da masu ƙyanƙyasa suka yarda da ita ita ce, ƙwai ya shiga kwanci kafin ya cika kwana 7. Bayan kwana 7, ko a ɗaki mai sanyi ne, kowace rana tana rage yawan waɗanda za su fito. Bayan mako biyu raguwar takan yi tsanani. A zafin ƙasarmu kuwa abin ya fi haka sauri nesa ba kusa ba.

Mu bi ƙwan zabi guda daga gurbinsa. Zabuwa ba ta saka ƙwai a akurki in ta sami hali, cikin ciyawa ko ƙarƙashin ƙaya take zuwa, kuma sau da yawa zabi uku ko huɗu gurbi ɗaya suke tarawa. Yaro ya gano gurbin yana kiwo, ya kwashe ƙwai 30, a ciki akwai na jiya, akwai na kwana goma da rana ta gasa, ruwan sama ya daka. Uwarsa ta zuba a ƙwarya ta jira ranar kasuwa, kwana huɗu ko biyar. Falke ya saya, amma shanunsa ba su cika mota ba, ya ƙara kwana uku a kara. Hanya ta ci kwana biyu. An iso Avotrou, sai a fara cigiyar kaza mai kwanci, ko a ce inji a cike yake sai an fitar da na ciki. Kafin a ankara ƙwan da ya fi kowane sabunta ya kwana 12 ko 13. Wanda ya ce injin ne bai yi ba, bai yi wa mai inji adalci ba.

Maganin wannan ba a mota yake ba, a wurin saye yake. Ƙwan ƙyanƙyasa ba a sayensa a tsakiyar kasuwa daga hannun wanda ba ka sani ba. Mu da ke da abokan hulɗa a rugage da ƙauyukan Alibori da Borgu, mu yi magana da gida ɗaya ko biyu tun kafin damina: su riƙa kwasar ƙwai kullum, safe da yamma, su bar biyu ko uku masu alama a gurbi don kada zabuwa ta yi ƙaura, su rubuta kwanan wata a kan kowane da fensir. Fensir muka ce, ban da biro ko tawada. Mu kuma mu biya su fiye da farashin kasuwa, domin wahala muka ɗora musu. Sa'an nan mu tsara sayen ya faɗo ranar lodi ko jajibirinta, kuma kafin mu taso mu tabbata akwai kaza a kwance ko gurbi a inji yana jira.

A nan ne kuma za a tambayi maganar namiji. Ƙwan da ba a taka ba, ko a kan auduga aka kawo shi ba zai ƙyanƙyashe ba. Zakara ɗaya yakan ishi kaji goma, amma zabo ba haka yake ba, halinsa ne ya riƙe mace ɗaya ko biyu, kuma in garke ya wuce mata huɗu ko biyar ga namiji guda, ƙwai marasa ɗa sukan yi yawa. Gidan da ya sayar da mazan zabinsa a lokacin salla ya bar mata zalla, ƙwansa na soyawa ne. Haka nan ƙwan gidan gona da ake sayarwa kiret-kiret a shaguna, babu zakara a cikin kajin da suka saka shi. Muna faɗin wannan ne don an sha ganin masu sa shi a ƙarƙashin kaza.

Hannu

Akwai al'adu uku na masu cinikin ƙwai da suka dace da ƙwan ci, amma suna kashe ƙwan ƙyanƙyasa. Na farko girgizawa a kusa da kunne don a ji ko ya ruɓe. Girgiza ɗaya mai ƙarfi tana iya tsinka zaren gwaiduwa ko ta ɓamɓare jakar iska. Na biyu jefawa cikin bokitin ruwa a ga wanda zai taso. Na uku wankewa don ya yi kyan gani. Ruwa yana cire shafen nan da muka ambata. Abin da ya fi muni, in ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke cikin ƙwan yakan ɗan tsuke, sai ya zuƙo ruwan dattin ta ƙofofin ɓawo zuwa ciki. Irin wannan ƙwai ne ke ruɓewa a inji ya fashe da ƙara, ya watsa wa na kusa da shi cuta. Ƙwan da kashi ya ɗan taɓa, a kankare shi a bushe da bayan wuƙa a hankali. Wanda ya yi dumu-dumu da taɓo, a kai shi madafa.

In ana so a duba ƙwai, tocila ta isa. A shiga ɗaki mai duhu, a dunƙule hannu a bakin tocilar, a ɗora ƙwan. Tsagar da ido ba ya gani da rana za ta fito kamar farin zare. Jakar iska kuma tana faɗin shekarun ƙwai fiye da rantsuwar mai sayarwa: a sabon ƙwai ƙarama ce ƙwarai, kullum kuwa tana ƙara faɗi saboda ruwan da ke fita. Ɓawon ƙwan zabi ya fi na kaza kauri da duhu, sai da tocila mai ƙarfi. Wannan kauri ne ma ke yaudararmu. Mukan ga ya jure abin da ƙwan kaza ba zai jure ba, sai mu ɗauka cikinsa ma haka yake, alhali gwaiduwarsa da jakar iskarsa ba su fi na kaza ƙwari ba. A ware masu girma fiye da kima, da ƙanana sosai, da masu siffa a karkace, da masu ɓawo garas-garas.

A mota

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne namu laifin ko namu ƙoƙarin yake. Daga Malanbil zuwa Kwatano kilomita 700 da ɗoriya ne, ta Kandi, Faraku, Sabe, Dasa, Bohikon da Alada. Motar shanu da lodi, ga tsayawa a shingaye, ga duba takardun likitan dabbobi, ga tada saniyar da ta kwanta, da wuya ta yi ƙasa da kwana guda. A bakin kusan kowane gari akwai tudun rage gudu, kuma kowa ya san yadda bayan tirela ke tsalle in ta hau shi. Masu ɗaukowa daga Gaya sun sha ƙarin aiki, don da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sai mutane da ƙananan kaya suka koma ƙetare Kwara ta jirgin ruwa. Kowane sauke da ɗorawa bugu ne ga ƙwai.

Jijjiga iri biyu ce. Akwai bugu mai ƙarfi lokaci ɗaya, wanda ke tsaga ɓawo. Akwai kuma ƙaramar rawa ta awa ashirin ba tsayawa, wadda ba ta fasa komai, amma tana sassauta fatar da ke riƙe jakar iska har jakar ta riƙa yawo a cikin ƙwan, wani lokaci ta farfashe ta zama kumfa. In ka haska irin wannan ƙwai ka juya shi, za ka ga iskar tana bin sama duk inda ka juya. Ɗan da ke ciki yakan girma har ƙarshe, ranar fitowa ya nemi iska inda ya kamata ta kasance ya rasa, ya mutu da gashinsa da komai. Mai inji ya fasa ya ga cikakken ɗan zabo matacce, ya zargi kansa, alhali tun a hanyar Sabe aka yi ɓarnar.

Saboda haka ga yadda muke ba da shawara a shirya. Kowane ƙwai ya tsaya da tsininsa ƙasa, faɗinsa sama, don jakar iska ta zauna inda take. Kiret na takarda ya fi na roba shanye jijjiga, amma ya zama sabo, kuma busasshe. Ramin kiret an yi shi ne don ƙwan kajin gidan gona, ƙwan zabi kuwa ƙarami ne, yakan yi rawa a ciki, sai a cike da ɓuntun shinkafa ko a naɗe da 'yar takarda. Kada a jera fiye da kiret biyar ko shida a katon ɗaya, a sa wofi ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, a cusa takarda a gefe har in an girgiza katon ba a ji motsi ba. Wanda ba shi da kiret, dabarar iyayenmu tana nan: kwando ko masaki, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓuntu mai kauri, a jera ƙwai a tsaye ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe da wani ƙaiƙayin, a sake jeri. Ƙaiƙayin ya bushe ƙarau, domin mai danshi yana da fumfuna, fumfuna kuwa tana ratsa ɓawo. Ban da leda. Ƙwai yana numfashi, in an ƙulle shi a leda sai ya yi gumi.

Sai wurin ajiyewa. Mafi munin wuri shi ne can ƙarshen bodi a bayan tayoyin baya, nan ne tsalle ya fi yawa. Mai bi masa shi ne saman kan mota inda ake ɗaure jakunkuna da tabarmi, rana ta doke shi tun daga Kandi, ga ruwan sama. Cikin shanu kuwa ba a ma maganarsa, ga fitsari, ga tururin jikinsu, ga ƙafa. Abin da ya rage shi ne ɗakin direba, shi ma da lura, don a yawancin manyan motocin nan injin yana ƙarƙashin ɗakin ne, daɓen yakan yi zafin da hannu ba ya jurewa. A ɗora katon a kan gadon da ke bayan kujera, a kan katifa ko bargo mai ninki, a ɗaure shi kada ya zame. In an tsaya sallah ko cin abinci da rana, a nemi inuwa, a bar gilashi a ɗan buɗe. Ɗakin mota a rufe cikin rana yana wuce digiri 45 cikin ɗan lokaci, kuma awa kaɗan a wannan zafi sun isa su kashe ɗan tayi. A gaskiya in ƙwan yana da yawa, ra'ayinmu shi ne a raba shi da motar shanu gaba ɗaya, a ba yaro ya shiga motar fasinja ta dare ya riƙe katon a cinya. Kuɗin motar yaron bai kai kuɗin zabi biyar ba.

Wani abin mamaki, ƙwai yakan tsira daga kilomita 700 ya lalace a kilomita uku na ƙarshe. An sauke shanu, kowa ya gaji, sai a miƙa wa ɗan zemijan katon ya ɗaure da roba a bayan babur, ya faɗa lungunan Avotrou masu yashi da ramuka, waɗanda ruwa ke kwanciya a cikinsu da damina. Minti goma na wannan ya fi awa biyar na kwalta. A ɗauki katon a hannu, a zauna a bayan babur, a ce wa mai tuƙi ya tafi a hankali ko da za a ƙara masa wani abu.

Bayan an iso

Kada a sa ƙwai a kwanci ranar da ya sauka. A buɗe katon, a haska su ɗaya-ɗaya, a fitar da masu tsaga, a bar sauran a tsaye tsini ƙasa su huta awa 12 zuwa 24 a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, nesa da madafa da jikin bango mai shan rana. Hutun yana ba jakar iska da gwaiduwa damar komawa mazauninsu.

Firji ba wurin ƙwan ƙyanƙyasa ba ne. Sanyinsa wajen digiri 4 ne, ya yi yawa. Har ila yau akwai matsalar da ta fi damun mu mazauna bakin teku. Avotrou tana gefen tafkin Nokuwe, iskarta cike take da danshi. Duk abin da ka fitar daga sanyi zuwa wannan iska sai ya yi raɓa, kamar kwalbar lemo. Ƙwan da ya yi raɓa daidai yake da wanda aka wanke. Ko daga mota mai na'urar sanyi aka fito da katon, a bar shi a rufe awa biyu ko uku ya ɗau ɗumin ɗaki kafin a buɗe. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana da amfani ga masu tara mana ƙwai a arewa inda iska ke bushe, musamman farkon damina. A Kwatano ba ta sanyaya abin kirki, don ruwan ba ya tashi. Mu a nan dabararmu ita ce sauri: ƙwai ya huta kwana ɗaya ya shiga kwanci. In dole ya jira, a sa dutse a ƙarƙashin gefe ɗaya na kiret, a riƙa sauya gefen safe da yamma don kada gwaiduwa ta manne a jikin ɓawo.

Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar gida mai jan fuska 35. Kazar gida takan rufe ƙwan zabi 12 zuwa 15, in aka ƙara, na gefe su yi sanyi, tana juyawa kuma sanyin ya zagaya kowa. Wasu mata kan ƙara ƙwan kaza biyu bayan mako guda don su fito tare, 'yan tsakin su koya wa 'yan zabi cin abinci, kuma dabara ce mai kyau. Mai inji ya tanadi abin da zai riƙe ɗumi in wuta ta ɗauke. Wanda ke son koyon aikin inji sosai, cibiyar Songhai da Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985 tana koyar da kiwon kaji, kuma ba ta da nisa da mu.

In an sami saɓani

Muna roƙon masu sulhu a ƙungiya su riƙe wannan. Baragurbi yana ba da shaida in an fasa shi. A haska ƙwai a kwana na 10, a fitar da waɗanda babu jijiyoyin jini a cikinsu, a fasa a faranti a gaban mai kawowa da mai inji. In gwaiduwa garau take ba ɗigon jini, galibi ba a taka ba ne, ko kuwa ɗan ya mutu tun kafin kwanci, maganar ta koma wurin saye. In an ga zoben jini ja a kewaye, ɗan ya fara girma ya mutu a kwanakin farko, wannan kuwa yakan nuna tsufan ƙwai, ko zafin hanya, ko jijjiga, ko injin da ya yi zafi fiye da kima. In ƙwai ya yi baƙi yana wari, tsaga ce ko ruwa ko datti. In ɗa ya cika ya mutu a ɓawo, a duba jakar iska, a tambayi yadda aka jera ƙwan, da juyawa, da danshin inji a kwana ukun ƙarshe. Hanya mafi sauƙi ta wanke mai inji ko kama shi ita ce ya sa sabon ƙwai na unguwa goma tare da na arewa a rana ɗaya. In na unguwa suka fito na arewa suka ƙi, ba injin ba ne.

Cuta da iyaka

Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a Fabrairu 2006 a jihar Kaduna, a watan nan kuma aka same ta a Magarya ta Nijar. Ta shigo Benin a Disamba 2007, a Kwatano da Ajara, ta sake dawowa a Agusta 2021 a Seme-Poji da Abome-Kalabi, duka a bakin ƙofarmu. Cutar tana bin kashin tsuntsu a jikin ɓawo, da kwando, da tsohon kiret. Kiret na takarda ba ya wankuwa, wanda ya yi tafiya ɗaya a ƙone shi, kada a mayar da shi arewa wurin mutanen da suka amince mana. Kada a sayi ƙwai a garin da aka ji kaji na mutuwa, komai arharsa. A duk lokacin da hukuma ta hana zirga-zirgar kaji da ƙwai, katon ɗaya da aka gano a ɗakin direba ya isa a tsare mota da shanu 30 a rana. Kafin a ƙetare iyaka da ƙwai, a tambayi likitan dabbobin da ke sa hannu a takardar shanu ko akwai hani a wannan lokaci, in kuma akwai takardar da ake bukata a karɓa tare da ta shanun.